Yatsu Biyun Korau

Gabas da Tudun Wake, bayan inda burtalin shanu ya ƙare, akwai wani gari da ba na mutane ba. Sunansa Mafaka. Aljanu ne suka gina shi, birai ne mazaunansa, kuma babu biri ɗaya da aka haifa a can. Kowanne ɗauko shi aka yi, wani daga bakin sarƙa, wani daga keji, wani daga turke a bayan gidan wani attajiri. Mutum bakwai aka tabbatar sun taka garin. Shida sun dawo. Wanda bai dawo ba shi ne Korau mai wasa da biri.

Abin ya faro ne wata Laraba, ranar kasuwar Tudun Wake, da rana tsaka. Korau ya kafa wasa a gindin tsamiya da bikansa, wato babban birin nan mai dogon baki, wanda ya raɗa wa suna Kofur. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Kofur yana sa jar riga da hula, yana fareti, yana ƙamewa ya sara wa 'yan kallo. In Korau ya buga akayau, ƙarafan nan masu kacau-kacau da yake ɗaurawa a ƙwauri, sai Kofur ya kama rawa.

Ran nan bai yi ba. Korau ya buga ƙafa sau uku, birin yana zaune yana kallon ƙasa.

Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Korau, Kofur ya yi ritaya ne?"

Wani daga baya ya ce, "A'a, ƙarin girma ya samu. Saje ba ya rawa a kasuwa!"

Aka kwashe da dariya. Korau ya zuba wa birin gora biyar, sannan don ya wanke fuskarsa sai ya tsallaka zuwa wasan ƙarshe, wanda yake cusa hannunsa na dama cikin bakin Kofur mutane su yi ta salati. Babu haɗari a ciki, domin tun birin yana ƙarami Korau ya cire masa fiƙoƙi huɗu da filaya. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne turamen baya. Kofur ya rufe baki a hankali, ya tauna. Babban yatsa da manuni suka tafi.

Da Korau ya farfaɗo, ya ga sarƙar a ƙasa. Kwaɗon yana kulle, mabuɗin yana aljihunsa, jar rigar tana ninke a kai, an ɗora mata hular. Kofur babu shi, kuma duk kasuwar ba wanda ya ga ta inda ya bi.

Kwana arba'in hannun yana warkewa. A cikin kwanakin nan garin ya sa masa sabon suna, Ragowar Kofur, har masu shayi da shi suke kiransa. Ya yi rantsuwa a gaban matarsa Tabawa cewa aska ba za ta taɓa kansa ba sai ya kawo hannun daman birin nan ya rataye a gindin tsamiya.

Tabawa ta ce, "Maigida, dabba ce fa."

Ya ce, "Dabbar da ta ninke riga ta ajiye?"



Da safiyar kwana na arba'in da ɗaya, sarƙar ta faɗo daga ƙusar da aka rataye ta. Ta ja jiki kamar maciji har bakin ƙofa, ta ɗaga kwaɗonta sama, ta fuskanci gabas. Korau ya ɗauki bindigar toka da wuƙa. Ya ɗaura akayau, ya naɗe su da tsumma don kada su yi ƙara, ya sauke wando a kai. Sannan ya bi ta.

Kwana uku yana bin sarƙa. Ba ta bi hanya ba, ba ta kauce wa ƙaya ba. A rana ta uku da hantsi suka iso bakin wani kogi da ruwansa yake hawa tudu maimakon gangara. Wani aljani yana tsaye a cikin rabin ƙwarya a kan ruwan, tsawonsa ya kai na giginya, diddigensa suna gaba, yatsun ƙafarsa suna baya.

Aljanin ya ce, "Ɗan Adam, ziyara ce ta kawo ka ko ƙara?"

Korau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙara ce. An ci mini yatsu biyu."

"Mai ƙara yana da hakkin fito. Amma jirgina ba ya ɗaukar abin da ya taɓa kashe uwa. Ajiye abin da ke kafaɗarka."

"Ranka ya daɗe, wannan namun daji kawai ta kashe."

Aljanin ya ce, "Na ji. Ajiye ta."

Korau ya jefa bindigar a ruwa. Inda ta nutse ya tafasa, ya yi ja, ya lafa. Ya shiga ƙwaryar, sarƙar ta nannaɗe a ƙafarsa, kafin ya gyara zama sun kai wancan gaci.

Daga nan sai wani kurmi na ɗorawa zalla, babu tsuntsu, babu iska. A kan kowane reshe akwai uwar biri a zaune, jikinta kamar hayaƙi ana hango ganye ta cikinsa. Kowacce tana da rami a ƙirji ko a wuya, kowacce ta lanƙwasa hannu kamar mai rungume da jariri, hannun kuwa wayam. Ba su taɓa shi ba. Sauka suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya suna bin bayansa.

Wata bika ta sha gabansa. Raminta yana ƙarƙashin kafaɗar hagu, kuma a ƙirjinta akwai wuri biyu da aka yanke gashi da wuƙa. Korau ya gane ta. Shi ya harbo ta daga kan ɗorawa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Jaririn ya ƙi sakin gashinta, shi ya sa ya yanke gashin ya tafi da shi.

Ta ce, "Mai wucewa, ka ga ɗana? Wata huɗu gare shi."

Korau ya kauce zai wuce.

"Ba shi da wuyar ganewa. Tsaya in faɗa maka alamarsa. A fuskarsa akwai..."

Ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, ya ruga a guje. Sai da ya fita kurmin ya sauke hannu.

Ganuwar Mafaka da sarƙoƙi aka gina ta, an saƙa su kamar zana, tsawonta gaba goma. Ƙofar kuwa kwaɗuna ne buɗaɗɗu aka jera. Sarƙar Korau ta hau ganuwar, ta sami wani gurbi daidai ita, ta kwanta.

A bakin ƙofa ya tarar da Magajiya, aljanar da ke riƙe da garin. Furfurarta tana jan ƙasa, jariran birai shida suna maƙale a ciki. Ta naɗe hannun riga tana dama ayaba a cikin kunu da ludayi, kuma ba ta daina ba don ya iso.

Ta ce, "Korau ɗan Shekarau, mun san da zuwanka. Faɗi ƙararka."

Ya ɗaga hannunsa mai yatsa uku. "Ranki ya daɗe, ga ta."

Ta duba ta ce, "Gaskiya ne. An ci maka yatsu biyu, kuma wanda ya ci yana wurinmu. Ba ma ɓoye mai laifi don muna tausayinsa. In ka nuna shi kafin inuwar rimin tsakar gari ta taɓa bakin rijiya, yatsunsa biyu naka ne. Nuni ɗaya za ka yi."

"Hannun duka na yi rantsuwa a kai."

"Rantsuwarka ce, ba tamu ba. Biyu aka ci."

Korau ya ce ya yarda.

Magajiya ta ce, "To ji ka'idar baƙi. Ka wanke hannu da ƙafa a waccan ƙwarya, kada ka shigo mana da cutar mutane. Kada ka ba kowa abinci. Kada ka yi wa kowa murmushi, don a nan buɗe haƙora zagi ne. Kada ƙarfe ya yi ƙara a cikin ganuwar nan. Muddin ka kiyaye, kai baƙo ne, kuma ba a tambayar baƙo abin da ya aikata a waje. In ka karya, baƙunci ya ƙare. Akwai ƙarfe a jikinka?"

Ya zaro wuƙar ya ɗora a kan wani dutse mai faɗi.

"Ita ke nan?"

Ya ce, "Ita ke nan, ranki ya daɗe." Ya wanke tafin ƙafarsa ba tare da ya ɗage wando ba.

Ta kalle shi na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki ƙwaryar kununta ta shige gaba.

Garin unguwa-unguwa ne, babu ɗaki, sai itatuwa da duwatsu da ƙoramu. Suka ratsa unguwar jan biri, suka ratsa ta kirka. Aljanu masu hidima suna kai da komo da kwandunan gwanda da ɗinya. Magajiya tana tafe tana nuna masa. Wancan an same shi a bayan gidan mai, shekara shida a cikin durom, har yau ba ya miƙe bayansa. Waccan an koya mata shan taba, kullum da kara a bakinta. Wani tsoho yana zaune a bakin hanya ya miƙa tafin hannu, ko da babu kowa haka yake yini. A gindin wani ɓaure aljanu biyu suna koya wa wani ƙato mai shekara tara hawan itace, yana kai reshen farko sai ya rufe ido ya yi kuka.

Korau ya dube shi ya ce a ransa, wannan da zai yi kyau da fareti, ƙafarsa a miƙe take.

Suka iso filin bika a tsakar gari. Magajiya ta ce, "Ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Duk daga hannun masu wasa. Ga rimi, ga rijiya. Bismillah."

Ta zauna ta ci gaba da ba marasa haƙora kunu.

Korau ya shiga cikinsu da ƙarfin gwiwa. Yana neman mai zoben sanƙo a ƙugu, inda sarƙa ta cinye gashi. Duk suna da shi. Ya nemi wanda babu fiƙoƙi. Duk wanda ya yi hamma, babu. Ya nemi tabon gora a gadon baya, ya ga a kowane gadon baya. Ya tsaya ya rufe ido don ya tuno fuskar Kofur. Jar riga ta zo masa, hula ta zo, ƙeya ta zo, da ƙugun da yake ɗaura wa sarƙa kowace safiya. Fuskar ba ta zo ba. A shekara goma sha ɗaya, in ya dubi gaban birin nan, bakinsa yake duba. Ya tuna uwar da ke kurmi da maganar da ya toshe wa kunne, ya ciji leɓe.

Inuwar rimi ta rage taku goma.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kofur!"

Goma sha tara suka waiwayo.

Magajiya ta ce, ba ta ɗago ba, "Muna da Saje ma guda ashirin da shida. Ku masu wasa ba ku da yawan suna."

Taku biyar. Taku uku. Korau ya san abu ɗaya da ba ya ƙarya. Shi ya koya wa Kofur rawa yadda ubangidansa ya koya masa koyarwa: a ɗora kwanon rufi a kan garwashi, a tsayar da ɗan biri a kai, a riƙa buga akayau yana ɗaga ƙafa saboda zafi. Bayan wata biyu ba a bukatar garwashi. Kuma yana da nasa bugun, uku a jere sai ɗaya, wanda ya yi imani shi da Kofur kaɗai suka sani.

Ya sunkuya, ya ɗage wando, ya warware tsumma, ya buga ƙafa.

Fili duka ya tashi. Birai ɗari huɗu suka miƙe a kan ƙafa biyu suna tsalle, suna ɗaga tafin ƙafa daga ƙasa mai sanyi kamar tana ƙuna. Tsofaffi suka zubar da kunu suka shiga. Masu karyayyar ƙafa suna faɗuwa suna tashi. Ba wanda ya so, ana ganin haka a idonsu, suna kuka suna rawa, wasu suna fitsari a tsaye. Bugun da Korau yake taƙama da shi, ashe daga ubangida ɗaya ya yaɗu a ƙasar duka.

Ɗaya ne bai tashi ba. Yana zaune a gefen rijiya, ya juya baya, yana ɓare goruba.

Korau ya tsaya cak. Ya tuna ranar kasuwa, bugu uku, birin yana kallon ƙasa. Ya tuna mako ɗaya kafin ranar, da ya kai masa gora a kunnen hagu har jini ya fito, na daman kuwa tun shekarun baya ya mutu ta irin wannan hanya. Ba taurin kai ba ne ya hana Kofur rawa a gindin tsamiya. Bai ji ba ne.

Ya nuna shi da hannunsa mai yatsa uku ya ce, "Ga shi can!"

Inuwar rimi ta taɓa rijiya.

Magajiya ta tafa hannu sau ɗaya. Birai suka zube ƙasa suna haki. Ta ajiye ludayi, ta sauke hannun riga, ta miƙe, tsawonta ya ninka har furfurarta ta bar ƙasa.

Ta ce, "Ka nuna daidai. Shi ne."

Ta zagaya gaban birin ta yi masa alama da hannu. Ya ajiye gorubar, ya taho a hankali. A saman girarsa ta dama akwai ɗan farin gashi kamar an ɗiga nono. Korau bai taɓa lura da shi ba.

Aka kawo dutsen nan mai faɗi da wuƙar a kai. Kofur ya ɗora hannunsa na dama, ya ware yatsu. Sannan ya yi magana, domin a Mafaka an buɗe musu baki, muryarsa a sama kamar ta duk wanda ba ya jin kansa.

"Maigida, ka sha hanya. Ga su nan. Ba za su gudu ba."

Korau ya kai hannu zai ɗauki wuƙar. Ta ƙi ɗaguwa, kamar an dasa ta.

Magajiya ta ce, "Hakkinka ya tabbata, ba mai hana ka. Amma ƙarfe ya yi ƙara a cikin ganuwata, bayan na tambaye ka ka ce babu. Baƙunci ya ƙare. Yanzu ku biyu masu shari'a ne, kuma a nan ramuwa bi da bi ake yi, wanda aka fara yi wa shi ke fara ramawa. Ɗan Adam, tsakaninka da shi wa ya fara?"

Korau ya ce, "Ranki ya daɗe, sana'a ce. Gado na yi."

"Ban tambayi wa ya koya maka ba. Wa ya fara?"

Ta juya ta yi wa Kofur magana da yatsu. Birin ya daɗe yana kallon ƙwaurin Korau.

Ya ce, "Uwata ba zai iya mayarwa ba. Haƙoransa ban san abin da zan yi da su ba. Kunnensa kuwa a bar masa, ina so ya riƙa ji. Rawar nake so. Shekara goma sha ɗaya, kowace Laraba, a gindin tsamiyar. In sun cika, ya zo ya yanki abinsa."

Daga can kan ganuwa aka ji motsi. Sarƙar ta sauko, ta ratsa unguwar kirka, ta ratsa fili, birai suna buɗe mata hanya. Ta hau ƙafar Korau, ta zagaye ƙugunsa, kwaɗon ya rufe. Ya laluba aljihu da sauri. Mabuɗin yana hannun Magajiya.

Korau ya faɗi a kan gwiwa ya ce, "Kofur! Ni na raine ka. Da tsumma na riƙa ɗiga maka madara. Shekarar da ka yi zawo, a shimfiɗata ka kwana har ka warke. Ka tuna!"

Duk wannan gaskiya ne. Kofur yana duban bakinsa yana motsi.

Magajiya ta ce, "Ba ya jin ka."

"To ki faɗa masa, ranki ya daɗe! Ki faɗa masa da hannu!"

Ta ɗauki ƙwaryar kununta da hannu biyu ta ce, "Hannuna da aiki. Ka zubar wa tsofaffi da abinci."

Kofur ya sunkuya ya ɗauki bakin sarƙar.

Shekara bakwai ke nan. Duk Laraba da rana tsaka, mutanen kasuwar Tudun Wake suna jin akayau a gindin tsamiya, uku a jere sai ɗaya, har la'asar. Ba a ganin kowa, sai ƙura da take tashi daidai inda ƙafa za ta sauka. Masu tebur sun janye daga wurin. Tabawa ta je sau ɗaya, ta saurara, ta ce bugun mijinta ne, ba ta sake komawa ba. Masu wasa da biri sun daina zuwa kasuwar, domin da zarar sun iso, biransu sai su zauna a layi su fuskanci tsamiyar, ko an kashe su da duka ba sa tashi sai an gama.

Na ƙarshe da ya je Mafaka ya dawo wani mai ɗiban zuma ne, wanda ya kai ɗan birin da ya tsinta a tarko. Ya ce ya ga mutum ɗaure a gindin rimi, gashin kansa har kafaɗa, tafin ƙafarsa ya yi kanta kamar na raƙumi. Mutumin bai tambaye shi labarin gida ba, bai tambayi matarsa ba. Abu ɗaya ya tambaya: "Ɗan'uwa, da ka shigo, wuƙata tana kan dutsen?"

Tana nan. Magajiya tana sa a shafa mata mai duk wata don kada ta yi tsatsa. Kowace Laraba da safe Kofur yakan biya ta wurin, ya tsaya ya dube ta, sannan ya wuce gindin rimi ya kwance sarƙar da babban yatsa da manuni.